Ranar da Inna Ƙal-ƙal ta Share Gona

Shekara talatin da ɗaya Inna Ƙal-ƙal ta yi tana sharar asibiti. Wata babbar nas ce ta laƙaba mata sunan, ran da ta shafa yatsa a bayan ƙofar ɗakin haihuwa, inda ko likita bai taɓa leƙawa ba, ta ɗago ta ga yatsan fes kamar yadda ta kawo shi daga gida. Tun daga nan sunan ya bi ta, ya danne na gaskiya.

Da lokacin ajiye aiki ya yi, aka ba ta agogon bango da takardar yabo, ta koma ɗakin hayarta a bene na biyu. Nan ta tarar da abin da ba wanda ya gargaɗe ta a kansa: ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar shara fiye da minti goma. Ta share, ta goge, ta zauna. Ta sake tashi ta share. In tana zaune, hannunta na dama kan motsa shi kaɗai a kan cinyarta, gaba da baya, kamar wutsiyar ƙadangare da aka gutsure.

Autarta ce ta zo mata da wata takardar sanarwa. Wata gidauniya ta ɗauki nauyin horar da sababbin manoma, mutanen da ba su gaji fartanya ba, a wata gona can bayan gari inda motar haya ke juyawa. Noman ma ba irin wanda aka saba ba ne: ba huɗa, ba ƙona kara, ba takin buhu. Wai noman da ke mayar wa ƙasa da ranta. Shekarar farko koyo ce. Idan gidauniya ta gamsu ta sake sakin hannu, a shekara ta biyu za a yanka wa kowane ɗalibi fili nasa, ya noma da kansa, malami na dubawa.

"Ke da kike cewa ko ƙasar cikin gwangwani ba ki taɓa mallaka ba," in ji Auta, "ga fili."

"A shekaruna? A ce kaka ta shiga aji ɗaya?"

"To zauna, Inna. Ci gaba da gogar simintin nan har ki huda shi mu faɗa kan na ƙasa."

Ta je.

Su goma sha biyu ne ɗaliban, kuma babu yaro a cikinsu. Akwai Direba, wanda ya ja motar haya har bayansa ya ce ya isa, amma bakinsa bai ajiye aiki ba. Akwai Mai Ɗinki, wadda idanunta suka daina ganin kafar allura, ta ce gara ta koma inda ramin shuka ya fi faɗi. Malamin nasu siriri ne, tabaraunsa ɗaure da zare a gefe ɗaya, an ce a jami'a ya koyar kafin ya gudo. A bayan idonsa Malam Lulluɓi suke kiransa, domin duk inda darasi ya faro, can yake ƙarewa: "Ƙasa ba ta son tsiraici. Ku lulluɓe ta."

Da me? Da duk abin da Inna ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yaƙi da shi: busasshen ganye, karan masara, kowar wake, ciyawar da aka yanka, ɓawon kabewa. Akwai wani yanki kusa da ɗakin ajiya, taku ashirin a talatin, da ake kira gonar gwaji. Shekara uku Malam yana jibga masa wannan tarkace, har ƙafa na nitsewa zuwa idon sawu. Ran da Inna ta fara ganin wurin, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Malam, mai sharar nan ba shi da lafiya ne?"

Dariyar da Direba ya yi har sai da ya dafa ƙugu. Malam kuwa bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya ɗaga lulluɓin da tafin hannu kamar mai duba jariri a zanin goyo, ya nuna mata abin da ke ƙasa, ya mayar da sauri.

Kada a ce Inna ba ta koya ba. Ta koya. Ta san cewa lulluɓi na tare zafin rana, yana riƙe danshi, yana ciyar da ƙananan halittun da ke tauna shi su mayar da shi ƙasa. In Malam ya yi tambaya, ita ke fara amsawa. Sai dai kai da hannu ba lallai ne su yi makaranta ɗaya ba. Kanta ya shekara ɗaya a wajen Malam Lulluɓi. Hannunta kuwa ya shekara talatin da ɗaya a wajen babbar nas.

Bayan gonar gwaji, ƙasar da ba a taɓa ba ta miƙe har bakin wata busasshiyar ƙorama, fara fat, tauri kamar bayan tukunya. Nan Malam ya kakkafa fegi da lamba, filayen shekara ta biyu, in ana rabo. Lamba bakwai ce ta ƙarshe a layin farko, ƙarƙashin wani mangwaro da ya karkata kamar mai sauraron gulma. Ba wanda ya ce ta Inna ce, amma kowa ya sani. Can take zuwa da tsakar rana ta ci burodinta, ta jingina da gindin bishiyar, ta auna filin da ido: nan masara, nan wake ya hau ta, can kabewa ta bazu ta yi yadda ta so. Tun tana ƙirga layuka har idanun su yi nauyi.

Mafarkin kusan kullum ɗaya ne. Ga ta a doguwar barandar asibiti, babu kowa, gadaje duk an ɗame su da farin zani. A tsakar asibitin akwai itatuwan darbejiya goma sha huɗu, waɗanda ta share ganyensu kowace safiya ta kai ramin bayan ɗakin wanki ta cinna musu wuta. A mafarkin, hayaƙin nan ne ke dawowa. Yana saukowa daga sama a hankali, yana komawa ganye tun kafin ya taɓa ƙasa, na shekarar farko, na ta biyu, na shekarar da ta haifi Auta, na shekarar da mijinta ya rasu, kowanne ta gane shi. Suna shigowa ta tagogi ba ƙara, suna kwanciya a kan daɓe, suna hawa har gwiwarta. Tsintsiya na hannunta amma ta yi nauyi kamar taɓarya. Sai ta ji wani abu na motsi a ƙarƙashin ganyen, ba abin tsoro ba, kamar numfashin mai barci. Daidai nan kullum muryar Direba ke tashinta.

"Inna, an koma aji! Ko a kawo miki allon nan?"

Ƙarshen bazara, kwana uku bayan wani yayyafi da bai kai a kira shi ruwa ba, Malam ya tara su a inuwar ɗakin ajiya. Ya ce gobe da hantsi gidauniya za ta turo jami'arta ta duba gonar gwaji. Shi zai ɗauko ta daga tasha. Abin da ta gani ta rubuta, shi zai yanke ko akwai shekara ta biyu ko babu.

"In babu fa?" in ji Mai Ɗinki.

"A cire fegi," in ji Malam, ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Bai faɗi abin da jami'ar za ta auna ba. Mai ilimi yakan manta cewa abin da ke cikin kansa ba a goshinsa yake rubuce ba.

A motar komawa gida Inna ta yi ta juya maganar a ranta. Ta san masu duba aiki. Ta ga irinsu fiye da ɗari: suna zuwa da takalmi mai ƙwas-ƙwas, ba sa kallon abin da aka nuna musu, sai lungu. Kuma duk ran da za su zo, ita ce ke ceton asibitin. Likita na da iliminsa, nas na da allurarta, amma abin da baƙo ke fara gani daɓe ne. Sai ta rufe ido ta kalli gonar gwaji da idon baƙo. Juji. Bawan Allah nan zai kawo mace mai takalmi ya nuna mata juji, ya ce a ba shi shekara ta biyu.

Ba wai ta ƙaryata Malam ba ne. Lulluɓi gaskiya ne, amma a ganinta kayan aiki ne, kamar tsohon zanin da take ɗaurawa in za ta wanke bayi. Wa ke tarbar baƙo da zanin wanke bayi? A cire na rabin yini, baƙuwa ta gani ta yaba ta tafi, a mayar. Ita ba ta da abin da za ta ba Malam, ba ta iya rubuta wasiƙa ga gidauniya ba. Wannan ɗaya ta iya, kuma duk garin ba wanda ya fi ta.

Motar farko ta sauke ta gari bai gama wayewa ba. Ta zo da tsintsiyarta ta gida, ta ɗauki manjagara da baro a ɗakin ajiya. Ta fara daga kusurwar gabas, kamar yadda take fara ɗakin maza a asibiti.

Rabon da ta ji daɗin jikinta haka tun ran da aka ba ta agogo. Manjagara ta ja manya, tsintsiya ta bi ƙanana. Kara gefe guda, ganye gefe guda, ruɓaɓɓen na ƙasa mai ɗumi kamar an sauke daga wuta shi ma gefe guda, duk ta jere su bayan ɗakin ajiya, tsibi uku, don ta mayar da kowanne inda ta ɗauko shi. Wani ƙamshi na tashi, irin na randa sabuwa. Hazo-hazon safiya na kwance a kan ƙoramar, mangwaron lamba bakwai kamar yana shawagi ba gindi. Ta ji kamar a barandar mafarkinta take, sai dai yau tsintsiyar ba nauyi. Abu ɗaya ne ya riƙa damunta kaɗan, can ƙasan rai: tsintsiyar ba ta yin kukan da ta saba. Ba shuu-shuu. Sai wani lub-lub, kamar ana shafa bayan kyanwa. Kuma ba ƙura. Ta lura, ta ajiye a gefen zuciya, ta ci gaba.

Rana na ɗagowa ta gama. Ta bi wurin da bakin tsintsiya ta yi masa zane irin na ɓawon kifi, ta koma gefe ta tsaya. Tsuntsaye sun riga sun sauka, farare da baƙaƙe, suna ta tsattsaga.

Direba ne ya fara isowa, Mai Ɗinki na bayansa. Ya tsaya cak, ya cire hula.

"La ila! Wa ya yi wa gonar Malam tal-kwabo?"

"Ba ta yi kyau ba?" in ji Inna.

"Kyau kai! Kamar kan surukina." Ya juya. "Yaya, gaya mata, ni bakina ba zai iya ba."

Mai Ɗinki ta dafa kafaɗarta. "Inna, jiya bayan kin tafi na tambayi Malam. Lulluɓin nan shi za a auna. Shi kaɗai. Hoto za ta ɗauka, na'ura ta faɗi kashi nawa na ƙasar ke rufe. In bai kai saba'in cikin ɗari ba, shi ke nan."

Inna ta dubi tsintsiyar hannunta kamar wani ne ya ba ta riƙo. Ta dubi tsuntsayen. Sai yanzu ta ga abin da suke ci: tsutsotsin ƙasa, jajaye, suna murɗawa a fili ba wurin ɓuya.

"Baro!" in ji Direba. "Ku kawo baro, mu mayar kafin..."

Bai ƙarasa ba, ƙurar mota ta bayyana a kan hanya.

Malam ya fito ta ɓangaren direba yana magana, hannu na nuna gona, fuska na kallon baƙuwa. Da ya juyo ya ga gonar, maganar ta yanke. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Gonar ba ta canja ba.

Jami'ar yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, da jaka a kafaɗa da wata waya mai faɗin faranti. Takalminta, kamar yadda Inna ta zata, mai tsini ne. Ta gaishe su da ladabi, ta tambaya ko nan ne gonar gwaji. Ba wanda ya amsa, sai ta ɗauka e ne. Ta ɗaga wayar ta ɗauki hoto. Wayar ta yi ɗan tunani, ta yi ƙara.

"Uku," in ji ta. Ta girgiza wayar. "Uku cikin ɗari. Malam, a rahotonka ka rubuta casa'in."

"Jiya casa'in ne," in ji Malam da wata murya da ba tasa ba.

"A sake ɗauka mana, ranki ya daɗe," in ji Direba. "Ba mu minti ashirin. Ko mota in ta ƙi tashi ana ba ta turi."

"Hoton farko kaɗai take karɓa, Baba. Ya riga ya tafi ofis. An yi haka ne don kada a shirya mana wuri."

"To ai an shirya miki," in ji Direba. "Shirin ne ya kashe mu."

Inna ta matso. Ba ta ajiye tsintsiyar ba, don ba ta san inda za ta sa hannunta ba.

"'Yata, ni ce. Malam bai sani ba. Na ce baƙuwa za ta zo, kada ta tarar da mu cikin datti. Kayan na can bayan ɗaki, ko ganye ɗaya ban ƙona ba. In hukunci ne a cire ni, a bar wa sauran filayensu."

Jami'ar ta buɗe baki za ta yi magana, ta tako gaba don ta dubi tsohuwar da kyau, sai tsinin takalminta ya nitse har ƙarshe. Ta ja, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Ta tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, sannan dole ta sauke tafin a ƙasa.

"Da sanyi," ta ce, kamar da kanta take magana.

Wannan kalmar ce ta buɗe abin da Inna ta ajiye a gefen zuciya tun da safe.

"Ba ta yi ƙura ba," ta ce.

"Na'am, Inna?"

"Awa uku ina share ta, ko tari ban yi ba. 'Yata, ni ban san na'ura ba, amma shekara talatin da ɗaya ina share daɓe. Na san ƙasa ta bakin tsintsiya kamar yadda Direba ya san mota ta kukanta. Zo ki gani. Yaya, miƙo mini ruwa bokiti biyu."

Ta wuce gaba, jami'ar na biye da takalmi ɗaya a hannu, sauran na bayansu kamar masu rakiya. Sai da ta kai lamba bakwai ta tsaya. Ta ja tsintsiya sau ɗaya a kan farar ƙasar: shuu, ƙura ta tashi ta shiga hancin Direba.

"Haka waccan take kafin Malam ya lulluɓe ta. Ko ba haka ba, Malam?"

"Har ta fi wannan tauri," in ji Malam.

Inna ta karkata bokitin farko, a hankali, irin zubin mai wanke daɓe. Ruwan ya tsaya yana ƙyalli, ya yi ɗan dube-dube, ya sami gangare, ya silale ya nufi ƙorama da ƙurar filinta a bayansa. Ta bi shi da ido har ya ɓace. Filin da ta shekara tana mafarkinsa ko kurɓi ɗaya bai yi ba.

"Wannan daɓe ne mai kyau," ta ce. "A asibiti irinsa ake so. Ka zuba ruwa ya tsaya ya jira ka."

Suka koma gonar gwaji. Ta zuba na biyu. Ruwan bai je ko'ina ba. Ya yi 'yan ƙananan kumfa, ƙasar ta yi wani sauti kamar jariri a nono, kafin a ce kwabo babu shi, sai baƙin tabo. Inna ta durƙusa ta tura yatsa, ya shige har gindi. Ta ɗebo cikin tafi. Ƙasar baƙa ce, dunƙule-dunƙule kamar ɓarɓashin burodi, da wasu fararen zare sirara kamar furfura a cikinta.

"Wannan kuwa, da ni na bar daɓe ya zama haka, da tuni an kore ni."

Jami'ar ta daɗe tana kallo. Gonaki arba'in ta zagaya a bana, ta ce, duk hoton bargo take ɗauka, ba ta taɓa ganin wanda ke kwance a ƙarƙashinsa ba. Ta ce a sake kawo ruwa, ta ɗauki hoton gwajin a wayarta tun daga farko, har da tarin Direba.

"Amma ukun nan ba zan iya goge shi ba," ta ce. "Akwai dai wani ɗan gurbi a ƙarshen fom, wai ƙarin bayani. Ban san wanda ke karanta shi ba."

"Rubuta a nan ɗin," in ji Malam. Ya ɗaga kai ya dubi rana, sai muryarsa ta dawo. "Jama'a, tana ƙonewa! Ku lulluɓe ta!"

Da gaske, gefen gabas ya fara yin fari. Suka ruga bayan ɗakin ajiya. Amfanin tsibi ukun Inna ya fito: ruɓaɓɓe a ƙasa, ganye a kai, kara a sama, kamar yadda aka ɗauko. Jami'ar ta cire ɗaya takalmin ta kama gefen buhu ita da Mai Ɗinki.

"A hankali, ranki ya daɗe," in ji Direba. "In kika ji daɗi, akwai lamba goma sha uku."

Ba a ce ba a yi asara ba. Tsuntsaye sun ƙoshi ranar. Waken da ya fara tsirowa a ɓoye ya kwanta bai tashi ba, kuma Malam ya ce gefen gabas sai ya yi wata biyu kafin ya manta. Bai yi wa Inna faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Kwana da kwanaki tana zuwa aji ta zauna a baya. Ta daina zuwa gindin mangwaro. A ɗaki, Auta ta lura tsintsiya na jingine a lungu har gizo-gizo ya fara gwada sa'arsa.

Sai da damina ta kankama wasiƙar ta zo. Malam ya tara su ya karanta a tsaye. Gidauniya ta lura da maki uku, ta kuma nuna damuwa. Amma kwamiti ya kalli hoton bokiti har sau biyu. An amince da shekara ta biyu.

Mai Ɗinki ta rungume Inna har mayafinta ya zame. Direba ya yi hon da baki. Malam dai bai ɗago ba, ya ci gaba da karatu, fuskarsa na sauyawa.

"Sakin layi na huɗu," ya ce. "Daga bana, duk gonar horo da ke ƙarƙashin gidauniya, ranar dubawa za a share ta gaba ɗaya, a yi mata Gwajin Tsintsiya da Bokiti."

Ya zauna a ƙasa daɓas.

"Gonaki arba'in," ya ce. "Tsirara. Kowace shekara."

"Inna ta zama doka!" in ji Direba. "Ni shekara ashirin da biyar ina karya doka, ko ɗaya ban kafa ba."

Haka ofis yake: in ka nuna masa wata da yatsa, sai ya sa a auna yatsan. Wasiƙa uku Malam ya rubuta, jami'ar na taya shi daga ciki, kafin a rage dokar zuwa faɗin tabarma ɗaya, a inuwa, a mayar nan take.

Ran da aka raba filaye, ba a ko yi ƙuri'a kan lamba bakwai ba. Inna ta tsaya a tsakiyarsa. Fari ne har yanzu, ruwan sama na wucewa ta kansa kamar baƙon da bai ga wurin zama ba. Ganyen mangwaro ɗaya ba zai rufe ko kusurwa ba, kuma karan makaranta an raba shi goma sha biyu.

Washegari ta sa Direba ya aro wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, suka nufi asibiti. Mai gadi ya gane ta ya buɗe. A bayan ɗakin wanki ta tarar da wadda ta gaje ta, mace mai ƙiba da sabuwar tsintsiya, ta tara ganyen darbejiya tsibi guda tana laluben ashana.

"Ƙanwata, dakata. Ba ni shi."

"Sharar, Inna? Me za ki yi da shara?"

"Akwai mai jin sanyi." Ta ɗan yi tunani. "A'a, mai jin zafi. Kullum ki tara mini, ran Asabar zan zo."

Suka juye lodin a lamba bakwai da hantsi. Direba ya ce bayansa ya tuna masa dalilin da ya sa ya bar aiki, ya tafi neman inuwa. Inna ta kwance tsintsiyarta ta gida. Ta fara daga kusurwar gabas, gaba da baya, gaba da baya, hannun bai ko san an juya masa aikin ba: da yana tarawa, yanzu yana bazawa. Lodi ɗaya ya rufe kamar faɗin gadaje huɗu. Sauran filin na nan fari, yana jiran Asabar da Asabar.

Da rana ta take, ta zauna a gindin mangwaro, ta miƙe ƙafafu cikin ganyen har idon sawu. Ɗacin darbejiya na tashi da ɗumi, ƙamshin barandar nan sak. Ta sa tafin hannu a ƙarƙashi, a kan ƙasar mai tauri, ta bar shi a nan. Ba abin da ya motsa tukuna. Malam ya ce sai an shekara uku. Ta lumshe ido, hannun na kwance shiru inda ta ajiye shi.